Ruwan Sanyin Manya

Bana azumi ya zagayo ya sake faɗowa a bakin bazara, daidai inda na bar shi shekara talatin da 'yan kai. Jiya da la'asar aka ɗauke wuta, sai ga 'yata Rabi tana buɗe firji tana rufewa, tana taɓa gorunan ruwa tana tsaki, wai ba su ɗauki sanyi ba. Na daka mata tsawar da ta fi laifinta girma. Uwarta ta leƙo ta ce, “Malam, ruwa ne fa kawai.” Na san ruwa ne. Amma ni har gobe in na ji ƙarar murfin firji cikin azumi sai raina ya ɓaci, kuma ba da Rabi nake ba.

Azumin farko ne bayan an ciro Kebbi daga Sakkwato. Na gama karatun haɗa magani ke nan, ina zaune a Azare ina cinye wa iyayena tuwo, sai aka ce sabuwar jiha na neman ma'aikata. Kwana biyu na yi a mota. Aka tura ni wani ƙaramin asibiti tsakanin Jega da Maiyama. Ba zan faɗi sunan garin ba, don jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. Ɗaki shida ne asibitin, rufin kwano babu silin, ɗakin magani shi ne na ƙarshe, tagarsa na kallon yamma don kada rana ta sha wahalar nemana.

Shugaban wurin Alhaji Ladan, wanda kowa ke kira Incaji. Mutum ne mai fara'a, mai tumbi, mai son a gaishe shi a durƙushe. Ina buɗe baki na yi gaisuwa ya kwashe da dariya, ya kira ma'aikata su zo su ji Hausar gabas. Daga ranar sunana ya ɓace, na koma Ɗan Azare. Ni ma sai da na yi wata guda ina gyaɗa kai ga maganar da rabinta kawai na gane.

Abu ɗaya ne ya burge ni a asibitin nan, shi ne firji. Babu lantarki a garin, saboda haka na kananzir ne, fari, ya kai ƙirjina tsawo. A ƙasansa akwai tanki da lagwani irin na fitila. In ka gyara lagwanin daidai wutar ta yi shuɗi, cikin ya yi sanyi. Zafin wutar kuwa ta wani bututu yake fita a samansa, har ba ka iya ɗora tafin hannu a wurin. A ciki ake ajiye rigakafin yara, da wani ɗan kwali mai 'yan kwalaben allurar tsayar da jini bayan haihuwa. Allurar nan ba ta son zafi. In tana da rai fara ce tas. In ta fara yin ɗorawa-ɗorawa ta mutu, ko an tsira wa mace, ruwa aka tsira mata.

Masauki kuwa, Malam Arzika ne ya ba ni shago a gefen zaurensa. Manomin albasa ne, dogo, marar yawan magana. Matarsa Kulu ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Muryarta na sani daga bayan danga, da hannunta a girki. A wurinta na fara cin hoce, wani ɗan gurasa-gurasa na gero da ban san shi a gida ba. Duk yamma sai an turo min kwano, ban roƙa ba, ban yi dangi da su ba. Wanda bai taɓa zama baƙo ba ba zai gane abin da kwanon nan yake a wurina ba.

Ranakun da ba aiki nakan bi Arzika fadama. Lokacin cirar albasa ne. Ana idar da asuba ake fita, maza na tumɓukewa suna karkaɗe ƙasa, wasu na yanke lawashi, a shanya, a kwashe a jera a rudu, wato rumfar kara da suke adana ta. Warin yakan bi ka har cikin barci. A nan ne wata rana, muna tsugune a bakin fangali, ya ce min Kulu na da tsohon ciki, ana sa ran haihuwa wajen ƙarshen azumi.

“Haihuwar da taw wuce jini yaz zuba mata ƙwarai,” in ji shi. “Mun ɗauka tahiya za ta yi.”

Ni kuwa da sabon ilimi na cin raina, na bugi ƙirji na ce, “Malam Arzika, wannan karon kada ta haihu a gida. Ka kawo ta wurinmu. Muna da allurar da ke tsayar da jini, ni ke riƙe da ita da hannuna.”

Ya dube ni ya ce, “To, Malam. Na ji.” Mutanen nan ba sa kai mace asibiti haihuwa. Maganata ce ta sa ya yarda.

Aka ga wata. Zafin shekarar nan ban sake haɗuwa da irinsa ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi harshe ya manne a ganɗa. Kwanon rufi na ƙara ƙas-ƙas kamar ana soya shi. Rijiyoyi suka ja baya, guga na fitowa da rabin laka, ruwan randa kuwa ɗumi gare shi kamar an sauke daga murhu. Da azahar gari kan mutu. Maza su jiƙa tabarma su kwanta ƙarƙashin dogon yaro da jiƙaƙƙen rawani a fuska, awaki su lafe a gindin katanga suna haki. Ba wanda ke tunanin abinci. Kowa ruwa yake mafarki.

Ran biyu ga azumi na dawo daga sallar azahar na buɗe firjina, sai na ga kwalabe. Kwalaben ruwa, da na zoɓo, da wani kwanon fura mai murfi. Kowace kwalba an ɗaura mata zare ko tsumma a wuya don mai ita ya gane ta. Mai jan zare ta Incaji ce, tana can sama inda sanyi ya fi. Mai kore ta uban ƙasa. Akwai ta liman, ta hedimasta, ta sarkin pawa, kowa a matakin da ya dace da girmansa. Ashe mabuɗin ɗakin biyu ne, ɗaya na aljihun Incaji. Ashe kuma al'ada ce, duk azumi haka ake yi, tunda firjin nan ne kaɗai a garin.

Na kwashe su duka na jera a baranda, na wuce ofishinsa raina a ɓace. Na ce, “Ranka ya daɗe, firjin nan na magani ne. Duk kwalba mai ɗumi da aka saka, sanyin allura take sha. Duk buɗewa ɗaya sai ya yi awa kafin ya dawo daidai.”

Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗan Azare, zamna. Tun kana makaranta haka muka yi, ba wanda yam mutu. Wa za ya ce ma uban ƙasa ya ɗauke kwalbatai? Kai? In kananzir yaƙ ƙare, wa ka taimaka muna? Mai da su, yaro.”

Ban mayar ba. Incaji ya sa tsohon masinjanmu ya mayar. Kwana biyar muna haka, ina fitarwa ana mayarwa. Labari ya bazu cewa baƙon yaron nan mai rowar sanyi ne. A masallaci na ba wani hannu ya ba ni yatsu biyu. Mahauci ya daina gane ni. Masu gadin asibiti da muke buɗa baki tare suka matsar da tabarmarsu can gindin mangwaro. Kwanon Kulu ne kawai bai fasa zuwa ba.

Ga abin da ya fi ba ni haushi, kuma da kaina nake. Ran takwas ga wata na wuni da ciwon kai, idona na ganin taurari. Ana kiran magariba Incaji ya aiko a kira ni, ya tsiyaya min ruwa daga kwalbarsa mai jan zare, kofin har yana gumi. Na karɓa na kafa kai. Wallahi ban taɓa shan abu mai daɗin ruwan nan ba, na ji shi yana sauka har cibiyata. Ya yi murmushi ya ce, “Ka gani? Kai ma mutum na.” Washegari ban fitar da kwalabe ba. Na ce wa kaina zan riƙa lura da ma'aunin sanyi, in ya haura in yi magana. Ya haura, ban yi ba.

Ran kasuwar Jega ni ke zuwa neman kananzir, don ya yi wuya a shekarar. Nakan wuni a layi da jarka, in dawo a bayan akori-kura tsakanin buhunan gero. Wajen tsakiyar azumi na dace na samu da wuri, na dawo kafin la'asar, ba a zata ba. Ina shiga ɗakin magani na hangi kwalin allura a saman firji, daidai bakin bututun da zafi ke fita. Na ɗauka, kwalin na ƙona hannu. Cikin firji kuwa an cusa ƙarin kwalabe, wai uban ƙasa ya yi baƙi.

Na cafko tsohon masinjan. Ya ce, “Malam, wuri na babu ciki. Ai ban kai shi nesa ba, bisa hirjin na aje shi, kusa ga sanyi. Da anka kwashe ruwa ni ka mai da shi.”

“Yau ka fara?”

“A'a. Dut ran da kat tahi Jega. Da ran Juma'a in ka tahi masallaci.”

Ban iya zaginsa ba. Shi a ganinsa gata ya yi wa maganin. Na ɗaga 'yan kwalaben a hasken taga ɗaya bayan ɗaya. Duk sun juya, sun yi kalar ruwan shayi marar ƙarfi.

Na kai wa Incaji na zube masa a tebur. A karon farko na ga fara'arsa ta gudu. Amma abin da ya ce shi ne sai bayan Sallah za a aika a karɓo wasu, kuma kada in kuskura maganar nan ta fita, in ba so nake in ɓata wa asibiti suna mata su daina zuwa ba. Na koma Jega na zaga shagunan magani. Inda na samu, a cikin akwatin gilashi take tana shan rana, ta fi tawa jirkicewa.

Saura abu ɗaya, in gaya wa Arzika ya kwashi Kulu ya kai ta babban gari tun da sauran lokaci. Sau uku ina buɗe baki a zaure. Sai in tuna yadda na bugi ƙirji a fadama, in tuna idon Incaji, in tuna albasar mutumin nan na shanye a fili tana jiran hannu. Sai in ce wa kaina wataƙila da sauran ƙarfi a allurar, wataƙila ma ba za a buƙace ta ba. Na ci gaba da cin hocen matar ina yi mata fatan alheri a zuci.

Ran ashirin da shida ga wata, bayan azahar, aka kawo ta a amalanke. Sista Hajo, ungozomarmu, dattijuwa 'yar Maiyama, ita ta karɓe ta. Haihuwar ba ta yi wuya ba. Na ji kukan jaririya daga ɗakina har na yi hamdala. Ba a jima ba sai ga Sista a bakin ƙofa, hannunta jajir har gwiwa.

“Ɗan Azare, allura! Maza!”

Na ba ta. Ta dubi kalar ta dube ni, ta juya da gudu. Ta dawo ta karɓi ta biyu. Ta dawo ta karɓi ta uku. Ta murza cikin, ta danna, ta yi duk abin da hannu ke iya yi, jini bai san ana yi ba. Motar asibiti kuwa tun kafin in zo take kan duwatsu babu taya. Arzika ya fita titi ya tare wata akori-kura da ta ɗauko albasa za ta Aliero. Mutane masu azumi, leɓe a bushe, suka hau suna jefo buhuna ƙasa, aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da ita. A nan ne na fara ganin fuskar Kulu da kyau. Ƙaramar mace ce, da 'yar wushirya. Ba su kai Jega ba.

Ban san ko lafiyayyar allura za ta tsayar da jinin nan ba. Likitoci sun sha gaya min wani jinin ba ya jin allura. Amma na san abin da na miƙa wa Sista Hajo, kuma na san na sani tun kafin in miƙa.

Motar ta dawo da gawa rana na shirin faɗuwa. Ina tsaye a baranda ina kallon ana sauke ta, sai ga 'yan aike sun fara zuwa kamar kullum, kowa ya zo karɓar kwalbar maigidansa don an kusa shan ruwa. Wani ma har yana ce min in yi sauri. Ban san sanda na shiga ɗakin ba. Na rungumo kwalaben na fito na riƙa maka su da dutsen bakin baranda, mai jan zare, mai kore, ta liman, ta kowa. Zoɓo ya malale a ƙasa, ƙasa ta shanye nan take. Na ɗaga murya yadda har na bakin titi za su ji, na rantse da Allah cewa muddin ina asibitin nan, in ba magani ba babu abin da zai ƙara shiga firjin nan, ko na waye, ko na ubana ne.

Incaji ya ce zai rubuta a kore ni. Sista Hajo ta ce masa ya rubuta, ita ma tana da biro. Bai rubuta ba. Na samo sarƙar keke da kwaɗo na ɗaure firjin, mabuɗi a wuyana. Kashegarin Sallah na je da kaina na karɓo sabuwar allura a cikin akwatin ƙanƙara, na rungume shi a cinya har gida. Garin ya daina yi min magana gaba ɗaya, ban damu ba. Kwano ma ya daina zuwa, tunda mai turo shi ba ta nan.

Jaririyar ta rayu, kada in bar ku cikin zullumi. Daga baya wata ƙanwar Kulu mai goyo ta zo daga Sarandosa ta ɗauke ta. Amma ranar da zan ba ku labari ban san haka za a yi ba, ubanta ma bai sani ba.

Kwana uku bayan Sallah ne, da hantsi. Baranda cike da masu karɓar magani, Incaji na zaune a kujerarsa yana fifita. Sai ga Arzika ya shigo, ya rame, yana riƙe da kwalba a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya gaishe da kowa, ya matso taga ya rage murya.

“Malam, nonon akuya na. Shi muka ba ɗiyar. Ko an dahwa shi, kahin azahar ya lalace, in ta sha sai zawo. Na ce ko ka taimaka ka aje muna shi cikin sanyi, mu riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.”

Kowa a baranda ya juyo. Incaji ya daina fifita. Ya gyara zama ya ce, yadda kowa zai ji, “To, Ɗan Azare, ga maigidanka ya zaka.”

Na dubi kwalbar. Ba ta kai rabin ta uban ƙasa ba. Na dubi sarƙar. In na buɗe yau, gobe da safe mai jan zare na bakin ƙofa, jibi mai kore, kuma ba ni da bakin hanawa. A cikin layin nan kuwa mata biyu ne masu tsohon ciki, ɗaya na dafe da ƙugu. A duk garin mutum ɗaya ne ya cancanci sanyin firjin nan, kuma sun san haka, shi ya sa suka zuba ido. Ban taɓa tsanar mutane kamar yadda na tsane su a lokacin ba.

Na ce, “Malam Arzika, ka yi haƙuri. Ba zan iya ba.” Na shiga yi masa bayanin ya sa kwalbar a tukunyar ƙasa, a binne ta cikin jiƙaƙƙen rairayi a inuwa, a riƙa tatsa kaɗan-kaɗan. Abin da kakarsa ta fi ni sani nake koya masa.

Ya saurara har na gama. Ya gyara tsumman kwalbar, ya gyaɗa kai.

“Ba komi, Malam, gaskiyarka ta. Maganin ga shi aka tsaro. Na gani da idona har ukku kunka yi ma Kulu, ba ku yi muna rowa ba, kwana na yaƙ ƙare. Riƙe shi da kyau, kak ka bari shi lalace.”

Ya yi min godiya. Ya yi wa Incaji ma godiya. Ya sa kwalbar a ƙarƙashin rigarsa don kada rana ta taɓa ta, ya fita.

Wata takwas na ƙara a shagon mutumin nan, muna sallah a sahu ɗaya, kuma ban gaya masa ba.